Tuntuɓe Gushin Gaba: Darasi ga Mai Ciwon Sukari

Jama'a, darasinmu na yau a kan lafiya ne. Akwai wani ciwo da ya yi yawa a garuruwanmu, ana kiransa ciwon sukari, waɗansu su ce ciwon suga. Da wuya ka sami magidanci a Fagge ko Sabon Gari wanda bai san mai wannan ciwo ba, ko a gidansu ko a maƙwabta. Ba a ƙasarmu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 1990 masu ciwon sun kai miliyan 200, amma a shekarar 2022 sun kai miliyan 830.

Mai wannan ciwo likita ya kan ba shi magani, ya kuma ba shi dokar abinci. Haɗiyar ƙwaya ba wuya. Dokar abinci ita ce aiki. Mutum ya kan riƙe ta wata da watanni, sa'an nan wata rana ya karya. In ya karya sai kunya ta kama shi, zuciyarsa ta mutu, ya ce ai shi ke nan. To, wannan darasi domin irin wannan mutum ne, da kuma waɗanda ke zaune tare da shi.

Misalin wani tela

Bari mu kawo misali. A ce ga wani tela a Fagge, magidanci, shekarunsa sun haura 50. An auna jininsa a asibiti, aka ce yana da ciwon sukari. Likita ya ba shi ƙwayoyi, ya ce ya rage tuwo da shinkafa da burodi, ya bar lemon kwalba, ya yawaita ganye da wake.

Tela ya riƙe doka sosai har wata 7. Tumbinsa ya sauka, har ya rage ƙugun wandonsa da hannunsa. Ya bar tashi fitsari sau da yawa da dare. Ƙarfinsa ya komo.

Ana nan sai Babbar Salla ta matso. Kowa ya san halin telolin Fagge in Salla ta matso. Shadda da atamfa daga Kantin Kwari sun cika shago, keke ba ya tsayawa, ana kwana ɗinki. Tsakar dare sai yaran shago su aika wurin mai shayi, a kawo shayi mai kauri da burodi da soyayyar taliya. Tela ya ce bari ya taɓa kaɗan don ya ji ƙarfin aiki. Ran nan kaɗan, kashegari da ƙari. Ranar Salla ga shinkafa, ga waina, ga cincin, ga lemo, ya ce ai yau Salla ce. Bayan Salla aka yi bikin 'yar ƙanwarsa, aka kawo alkaki da dubulan da nakiya.

Kafin ya farga mako 3 ya wuce. Ƙishirwa ta komo. Kasala ta komo. Idonsa ya yi dishi-dishi, har zura zare a allura ya gagare shi, sai ya kira yaro. Ranar komawarsa asibiti ta zo, ya ƙi zuwa don kunya. Ya ce a ransa, tun da ya riga ya ɓata, bari ya ci abin da ya samu, in sabon wata ya kama ya gyara.

Wata rana da safe uwargidansa ta ce, "Maigida, na ga buta ba ta hutawa da dare. Ciwon ne ya tashi?"

Ya ce, "Ke dai bari. Wahalar wata 7 na zubar a banza."

Ta ce, "Maigida, in yaronka ya karkace ɗinki a wuyan riga, jefar da shaddar ka ke yi?"

Ya ce, "A'a, farke wurin a ke yi, a sake bi."

Ta ce, "To, Allah ya ba ka haƙuri, kai ma farke naka za ka yi."

Maganar matar nan gaskiya ce, kuma likitoci haka su ke faɗa. Ga dalili.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Ka san sitacin da mai wanki ya ke sa wa riga, daga rogo a ke yinsa. To, irin wannan sitaci akwai shi da yawa a cikin dawa da gero da masara da shinkafa da alkama da doya da dankali. In mutum ya ci su, ciki ya kan narkar da sitacin ya zama sukari, sukarin ya shiga jini. Wannan sukari shi ne ƙarfin da jiki ke aiki da shi.

Amma sukari ba ya barin jini ya shiga tsoka sai da mabuɗi. Mabuɗin nan wani ruwa ne da jiki ke yi, sunansa insulin. A jikin mai ciwon sukari, ko dai insulin ya yi kaɗan, ko kuwa akwai shi amma ba ya buɗe ƙofa da kyau. Sai sukari ya taru a jini. Shi ya sa likita ya ke cewa a rage abinci mai sitaci: in kaya sun ragu, ƙofa ba ta cunkushewa.

Yanzu ka lura da wannan magana da kyau. Ɓarnar da ciwon sukari ke yi wa ido da ƙoda da zuciya da jijiyoyin ƙafa, yawanci a hankali ta ke zuwa. Tana zuwa ne in sukari ya zauna sama wata da watanni, shekara da shekaru. Wanda ya kauce kwana kaɗan ya komo, cikin 'yan kwanaki awonsa zai fara sauka. Wanda ya kauce ya ƙi komowa, shi ne ya ba ciwo lokacin da ya ke bukata.

Mu yi lissafi. Mutum ya kan ci abinci sau 3 a rana. Telan nan ya kiyaye wata 7, watau wajen kwana 210. In ka ninka sau 3, ka sami ci 630. Ya kauce mako 3, watau kwana 21, ci 63 ke nan. Ka ga abin da ya ɓata kashi ɗaya ne bisa goma na abin da ya gyara. Ɗan kasuwar da ya ci riba a ciniki 10 ya faɗi a ɗaya, ya kan rufe shago? Hausawa sun ce in ruwa ya zube ya bar tulu, ya yi kyau. Abin da telan nan ya koya a wata 7 yana nan, bai zube ba.

Ko a ƙasar Turawa an san da tuntuɓen nan. A shekarar 2017 likitocin Birtaniya, Malam Roy Taylor na Newcastle da Malam Mike Lean na Glasgow, sun bayyana wani gwaji da suka yi da mutane wajen 300 masu ƙiba, waɗanda ciwonsu bai daɗe ba. Rabinsu aka rage musu abinci ƙwarai, likita yana duba su. Bayan shekara ɗaya, kusan rabin waɗannan sukarinsu ya sauka ba tare da ƙwaya ba. Abin lura kuwa shi ne, tun farko masu shirin sun san waɗansu za su kauce, saboda haka suka tanadi hanyar komowa ga duk wanda ƙibarsa ta fara dawowa. Irin wannan ragi mai tsanani ba a yinsa a gida ba likita. Amma ka ga masana ma ba su ɗauki tuntuɓe ƙarshen tafiya ba.

Yadda za ka komo

Na ɗaya, fara da cin da ke gabanka. Kada ka ce sai gobe, ko sai ranar Asabar, ko sai sabon wata. In da rana ka kauce, gyara da dare. Mai jiran ranar farawa ya kan ce bari ya yi bankwana da kayan daɗi tukuna, bankwanan kuwa ba ya ƙarewa.

Na biyu, kada ka hori kanka da yunwa. Waɗansu in sun kauce sai su ƙi cin komai wuni guda, wai su rama. Wannan hatsari ne, balle ga mai allurar insulin ko mai shan irin ƙwayar da ke saukar da sukari da ƙarfi, kamar wadda a ke kira glibenclamide. Sukari ya kan faɗi ƙasa ƙwarai. Alamarsa ita ce rawar jiki, da gumi, da yunwa mai tsanani, da jiri, da bugun zuciya. In ka ji haka, maza ka jiƙa sukari cokalin shayi 3 ko 4 a ruwa ka sha. Bayan minti 15 in ba ka ji sauƙi ba, ka ƙara, sa'an nan ka ci abinci. In mutum ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a kai shi asibiti nan da nan.

Na uku, fara da abin sha, don shi ya fi saurin shiga jini. Kwalbar lemo mai santilita 50 ta kan ɗauki sukari fiye da cokalin shayi 10. Wa zai zauna ya haɗiye sukari cokali 10 a tashi ɗaya? Amma a kwalba ba a gani. Haka lemon kwali, da kunun zaƙi, da zoɓo in an zuba masa sukari. Zuma ma sukari ce, ko da ta ke daga saƙa ta fito. Ka sha ruwa, ka sha shayi ba sukari, ka sha zoɓo ba sukari, ka sha kindirmo haka nan. In wannan kaɗai ka iya a makon farko, ka yi babban aiki.

Na huɗu, raba farantinka kashi 4. Kashi 2 na ganye ne: zogale, rama, alayyafo, yakuwa, lansir, kabeji, latas, gurji, yalo, da miyar kuka ko ta kuɓewa mai yawa. Kashi ɗaya na abin gina jiki ne: wake, alale, awara, ƙwai, kifi ko nama. Kashi ɗaya da ya rage shi ne na tuwo ko shinkafa, kada ya wuce girman dunƙulen hannunka. Ba a ce ka bar tuwo har abada ba. An ce miya ta zama mai gida, tuwo ya zama baƙo.

A nan akwai kurakurai da mutane ke yi. Waɗansu sun ji an ce acca da alkama abincin mai sukari ne, sai su cika kwano su ci su ƙoshi. Acca da alkama su ma hatsi ne, suna da sitaci, awonsu daidai da na sauran. Ɗanwake yawanci da garin rogo ko fulawa a ke haɗa shi. Fura gero ce. Gurasa fulawa ce. Wake ma yana da nasa sitacin, sai dai a hankali ya ke shiga jini, kuma yana riƙe ciki. In ana cin tarayya a kwano ɗaya, da wuya mutum ya san abin da ya ci. Ka roƙi a zuba maka naka dabam. Ba girman kai ba ne, magani ne.

Kada kuma ka ce abincin mai sukari sai mai kuɗi. Zogale da rama da awara da ƙuli-ƙuli duk suna nan a kasuwar Sabon Gari da bakin layi, kuɗinsu bai kai na nama ba. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, in ba a sa masa sukari ba, abinci ne sosai.

Na biyar, auna ka rubuta. In kana da ƙaramar na'urar awo, ko akwai inda a ke awo kusa da kai, ka auna da safe kafin ka ci komai. Ka sami ɗan littafi, ka rubuta rana da lamba da abin da ka ci daren jiya. Ga yawancin manya, abin da likitoci ke so shi ne 80 zuwa 130 kafin cin abinci, kuma kada ya kai 180 awa 2 bayan ci. Ƙasa da 70 ya yi ƙasa da yawa. Waɗansu na'urori ƙananan lambobi su ke nunawa: a wurinsu 70 shi ne 3.9, 180 kuwa shi ne 10. Likitanka zai gaya maka iyakar da ta dace da kai. Kada ka ji tsoron lamba ta farko ko ta yi yawa. Ranar da ka duba littafinka ka ga lambobi suna sauka da rubutun hannunka, ba ka bukatar wani ya ba ka ƙarfin zuciya.

Na shida, koma asibiti, ka faɗi gaskiya. A Kano akwai wuraren duba masu sukari a manyan asibitoci, kamar Asibitin Murtala Muhammad da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Likita ya ga irinka da yawa. In ka ɓoye masa cewa ka kauce, zai zaci magani ne ya kasa, ya ƙara maka, sa'an nan in ka koma doka sukari ya faɗi da yawa. Ɓoyewar ma ba ta da amfani, don akwai wani awon jini da ke nuna yadda sukarinka ya kasance cikin wata 2 zuwa 3 da suka wuce. Kada ka bar maganinka don abin da mai talla a mota ya faɗa ta lasifika. Mai juna biyu, da yaro, da mai ciwon ƙoda, da mai allurar insulin, kada su rage sitaci sai da shawarar likita. Haka kuma mai niyyar azumi ya ga likita tun watan bai kama ba.

In mai sukari yana amai, ko yana numfashi sama-sama, ko barci ya rinjaye shi ba ya gane mutane, wannan ba maganar gyaran abinci ba ce. A kai shi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne.

Na bakwai, nemo dutsen da ya sa ka tuntuɓe. Telan nan ba kwaɗayi ya kayar da shi ba tun farko. Aikin dare ne da yunwa, kuma ba abin da ke kusa sai burodi. Wani biki ke kayar da shi, wani tafiya, wani ɓacin rai, wani kunyar ƙin abin da aka miƙo masa. Salla za ta sake zuwa, biki ma haka. Ba a fafe gora ranar tafiya. In za ka kwana aiki, ajiye gyaɗa cikin hannu ɗaya da dafaffen ƙwai. In za ka biki, ci abincinka a gida tukuna, kada ka tafi da yunwa. In an miƙo maka lemo ka ce, "Na gode, Allah ya amfana, likita ya hana ni, a ba ni ruwa." Ba wanda zai ji haushi.

Na takwas, motsa jiki. Tela wuni ya ke zaune, haka mai shago a Kantin Kwari. Tsoka in tana aiki tana jan sukari daga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya sami aƙalla minti 150 a mako, watau minti 30 a rana har kwana 5. In za ka daga Fagge zuwa kasuwar Sabon Gari da sanyin safiya, taka da ƙafa. Bayan cin dare ka zaga unguwa minti 10 ko 15. Sa takalmi mai kyau, kuma kullum ka duba tafin ƙafarka da tsakanin yatsu, don mai sukari ya kan ji rauni bai sani ba.

Magana ga mutanen gida

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In naku ya kauce, kada ku yi masa gori, kada ku ce ai dama mun sani. Gori ya kan sa mutum ya ci a ɓoye. Kada kuma ku zauna gabansa da lemo da alkaki kuna cewa ɗan taɓa, ɗaya ba ya kisa. Ku yawaita miya da ganye a tukunyar kowa. Wannan ciwo ya kan bi jini, saboda haka abincin da ya gyara maigida zai tsare 'ya'yansa.

Mu kuma tuna da sauƙin da mu ke ciki. Kafin shekarar 1921 ba a san maganin insulin ba. A shekarar nan ne likita Banting da ɗalibi Best suka fitar da shi a birnin Toronto na ƙasar Kanada, aka fara yi wa mutum allurarsa a 1922. Kafin nan ba abin da likita ke iya yi sai ya sa mai ciwo yunwa mai tsanani. Yanzu ga magani, ga na'urar awo, ga ganye a kasuwa. Abin da a ke nema wurinka ragi ne da haƙuri.

Telanmu kuwa, a daren da suka yi magana ya ci tuwo malmala ƙarama da miyar kuka mai yawa. Da safe ya auna, lamba ta yi sama, ya rubuta. Ya tafi asibiti a makon, ya faɗi abin da ya faru. Bayan mako 2 buta ta huta. Wata safiya ya ɗauki allura ya zura zare da kansa, bai kira yaro ba. Ido shi ne jarin tela. Kai ma ka nemi naka dalilin, ka rubuta shi a shafin farko na littafinka.

Tambayoyi

1. Me ya fara kayar da telan nan?
2. Don me bai kamata mutum ya jira sabon wata kafin ya komo ba?
3. Faɗi alamomi 4 na faɗuwar sukari. Me za ka yi in ka ji su?
4. Yaya a ke raba faranti? Kashi nawa ne na ganye?
5. Mai ciwon sukari zai iya cika kwano da acca? Don me?

Lissafi

Wata mata tana ci sau 3 a rana. A cikin kwana 30 ta kauce sau 9. Sau nawa ta kiyaye?

Rubutu

Rubuta sunayen ganye 5 da a ke sayarwa a unguwarku. Sa'an nan kwafi wannan a littafinka sau 3: Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.